Godiya bayan dawowata daga Mombasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, na dawo Bauchi lafiya bayan shekarar da jami'a ta ba ni na je na koyar da zanen gine-gine a Mombasa, bakin tekun Indiya a ƙasar Kenya. Saƙonnin barka da dawowa sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya ɗauki nasa. Wanda bai ga an ambace shi ba ya yi mini afuwa, yana raina.

Da uwargida zan fara. Ita ta riƙe gida, ta riƙe yara da makarantarsu, ga hidimar Inna da ciwon ƙafarta. A watan Agusta, ruwan da aka kwana ana yi ya toshe magudanar layinmu, ya taru a gindin katangarmu ta baya har ta zube cikin dare. Ba ta kira ni ba sai da gari ya waye, wai kada ta tayar mini da hankali a kan abin da ba zan iya gyarawa daga can ba. Kafin azahar maƙwabta sun kafa langa-langa sun rufe wurin, matasan unguwa sun yashe magudanar, Yaya kuma ya zo da tifar yashi bai ko tambayi kuɗinsa ba. Na ji labarin tsiyar da aka yi ta yi mini a majalisa, cewa ga mai koya wa mutane gini, katangar gidansa ta kwanta. Na yafe, tun da da bakin da kuka yi tsiyar da shi kuka kira magini. Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.

Ga shugaban sashenmu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da abokan aikina da suka raba darussana a tsakaninsu, suka kuma duba ɗaliban da nake kula da aikinsu na shekarar ƙarshe, na gode ƙwarai. Na san nauyin ɗakin zane, ba aikin da ake ƙara wa mutum ya yi murna ba ne.

Mutane da yawa suna tambayata yaya zaman can yake. Zafin ba irin namu ba ne. Namu na Maris da Afrilu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har ɗaki. Takardar zane takan yi laushi ta lanƙwashe a kan tebur, takalmin fata da ka ajiye mako biyu sai ka tarar ya yi fumfuna, kwaɗon ƙofa kuwa tsatsa ta gama da shi kafin ka saba da makullinsa. Da asuba nakan fita masallaci, in tsaya wurin wani dattijo mai gahawa mai ɗaci, sannan in hau keke mai ƙafa uku zuwa makaranta. Ranar da aiki ya kai mu kudancin gari sai mu shiga jirgin fito na Likoni tare da dubban masu tafiya aiki, don tsakiyar birnin tsibiri ne. Abinci kusan komai da madarar kwakwa. Na ci, na ƙoshi, amma wallahi na yi kewar masar Bauchi da miyar taushe.

Tekun nan shi ne babban malamin gini a garin. Iskar da ke tasowa daga cikinsa ɗauke take da gishiri. Gishirin yana ratsa kankare sannu a hankali har ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Za ka ga bene bai tsufa ba amma baranda tana zubar da ɓaraguzai, rodi a waje ja wur. Shi ya sa a can nake dage wa ɗalibai cewa kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai kusan milimita 50, ba 25 da muka saba gani a nan ba, kuma yashin bakin teku ba ya shiga kwaɓi sai an wanke shi. A gefe guda ga Fort Jesus, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina daga 1593 zuwa 1596 da dutsen da ake sarowa daga gaɓar teku, Larabawan Oman suka ƙwace ta a 1698, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2011, tana nan tsaye iska ɗaya tana dukansu da benen jiya. Can nake kai 'yan aji ɗaya su zauna su zana, su taɓa bango da hannunsu.

Godiyar da ta fi tsaya mini a rai ta Baba ce, tsohon maginin nan na cikin gari da yawancinku kuka sani. Bai taɓa shiga aji ba, amma rabin abin da na koyar a Mombasa daga bakinsa na ɗauko. Kafin in tafi ya raka ni Kafin Madaki, gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ya tsayar da ni a ƙarƙashin soron ya ce, "Malam, ɗaga kai. Azara ba ta da tsawo, hankali ne ya yi mata tsawo." Ya nuna mini yadda ake jera azarar giginya ana ɗaure ta, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana yaɓe ta da ƙasa har bakan gizo ya haɗu a sama.

Amfanin wannan bai fito mini sosai ba sai da muka je Lamu da ɗalibai. Tsohon gari ne a arewacin gaɓar, lungunansa ƙunci, jakuna ne motocinsa. Rufin gidajensu a kan sandunan wani itace yake da ke tsiro cikin ruwan gishiri, suna ce masa boriti. Sandar ba ta ɗaukar nauyi in faɗi ya yi yawa, don haka ɗakunan suka zama dogaye sirara, da ƙyar faɗinsu ya wuce mita 3 da ɗoriya, an jera su ɗaya bayan ɗaya, na ciki ya fi na waje sirri. Azararmu ma ta fi wannan gajarta, kusan mita 2 take iya tsallakewa ita kaɗai. Su sai suka bi itacen yadda yake, maginanmu kuma suka ƙi, suka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga, wato bakunan da ke haɗuwa a sama su riƙe rufi, suka sami soro mai faɗi. Na kira Baba ta WhatsApp a tsakiyar aji, jikansa ya riƙe masa waya, yana bayani da Hausa ina fassarawa. Wata ɗaliba ta tambaye shi me ke hana gara cin azara, ya yi dariya ya ce ta je ta gwada sara giginyar da ta tsufa da gatari, za ta ba kanta amsa. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni a ganina abin kunya ne a ce muna yaye masu zanen gini a Bauchi da suka san sunayen gine-ginen Faransa da Amurka amma ba su taɓa riƙe tubali ba, alhali irin su Baba suna raye, mota ɗaya ce tsakaninmu da su.

Ga mutanen Mombasa da suka riƙe ni, mai gidan da na yi haya da ya riƙa aiko mini da buɗa-baki duk watan azumi, da limamin masallacin unguwa, da abokan aiki da suka yi haƙuri da guntun Suwahilina, za a fassara muku wannan. Allah Ya biya ku. Haka 'yan uwa da suka taho daga Gombe da Azare da Misau don walimar da aka yi ranar Asabar, da matan da suka kwana a kan murhu, Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa a mizani.

Ɗalibaina 'yan aji uku, na ga saƙonninku, na gode. Hutu ya ƙare. Zangon nan za mu je Kafin Madaki mu auna gidan nan daga zaure har soro, Baba ya yarda zai raka mu. Kowa ya tanadi tef ɗinsa da littafin zane, kuma ban yarda da hoton waya a madadin zanen hannu ba.

Wassalamu alaikum.