Ƙyallen kyaftin da biron Marc Guehi

Ranar 30 ga Nuwamban 2024 Crystal Palace ta karɓi baƙuncin Newcastle, ni kuma abin da ya tsaya mini a rai daga wasan shi ne dantsen kyaftin. A makon ne ake raba wa kyaftin-kyaftin na Firimiyar Ingila ƙyalle mai launin bakan gizo don nuna goyon baya ga masu neman jinsi ɗaya. Marc Guehi, kyaftin ɗin Palace a lokacin, ɗan fasto ne haifaffen Abidjan, ya ɗaura nasa, amma ya sa biro ya rubuta a kai cewa yana ƙaunar Yesu. Hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta tuna masa cewa doka ta hana saƙon addini a kayan wasa. Bayan kwana uku suka je Ipswich, ya sake rubutawa, wannan karon cewa Yesu na ƙaunarka. Kyaftin ɗin Ipswich kuwa, Sam Morsy, Musulmi, ƙyallen ma bai ɗaura ba, kuma hukumar ba ta ce masa uffan ba.

Ni Kirista ne, kuma na tsaya a kan koyarwar da aka rene ni da ita, cewa aure na namiji da mace ne. Amma na gaji da yadda 'yan uwana ke zuba duk irin waɗannan labarai a tukunya ɗaya su kira su tsanantawa. Ai ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

A dubi Jaelene Hinkle. A 2017 aka gayyace ta tawagar ƙwallon mata ta Amurka, ta ga lambobin rigar da launin bakan gizo, ta ce a kai kasuwa. Ba ta zagi kowa ba, ita ce ma ta yi asara. Haka 'yan wasa bakwai na ƙungiyar zari-ruga ta Manly a Ostireliya da suka zauna a gida a 2022 maimakon sa irin wannan riga. Waɗannan ina bayansu, domin tilasta wa mutum ya sa alamar abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba bai ƙara wa kowa mutunci ba.

Israel Folau daban ne. A Afrilun 2019 wannan gwanin zari-ruga ya wallafa a Instagram cewa wuta na jiran mashaya, 'yan luwaɗi, mazinata, maƙaryata da sauransu idan ba su tuba ba. Hukumar wasan ta soke kwantiraginsa, aka shiga shari'a, aka sasanta a Disamba. Jerin nasa ya yi kama da na 1 Korintiyawa 6, ban musa ba. Sai dai Bulus wasiƙa ya rubuta wa ikilisiyar da ya kafa, mutanen da ya zauna da su shekara ɗaya da rabi. Folau kuwa ya jefa dutse a kasuwa ne, a cikinta har da yara masu ɗaukarsa gwarzo. Korar ta yi tsauri a ganina, amma ba zan ce ya yi hikima ba.

A wurin aiki ma doka ta raba abin gida biyu. A 2020 Kotun Ƙolin Amurka, da ƙuri'a 6 da 3, ta ce korar ma'aikaci don yana neman jinsinsa haramun ne a doka. Ita kuma Lillian Ladele, mai ɗaura aure a ofishin gwamnati a Landan, ta ƙi yi wa masu jinsi ɗaya rajista, ta rasa aikinta, kuma kotun Turai ta ba ta rashin nasara a 2013. Tata ta fi ba ni wahala, don lokacin da ta karɓi aikin babu wannan nauyin a cikinsa.

Na taɓa zama ofis ɗaya da wani da kowa ya san jinsinsa yake nema. Wata rana muna haɗa rahoto ya tambaye ni kai tsaye me cocinmu ke cewa. Na faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Ya yi shiru, ya ce ya sani, shi ma a coci ya girma, mahaifiyarsa har yanzu tana cikin mawaƙa. Sannan ya turo mini takardar ya ce lissafina na shafi na uku bai daidaita ba. Da na duba, gaskiyarsa ce.