Kuɗin talla da ƙamshin turare

'Yan'uwa masu sana'a, na biya wata mai ɗimbin mabiya a Instagram ta yabi turaren wutar da nake haɗawa. Bidiyon ya yi kyau, ta zuba shi a kasko, hayaƙi na tashi tana lumshe ido. Saƙonni suka yi ta shigowa, amma yawanci "nawa ne?", daga nan shiru. Ai mabiyanta sun san jiya ma haka ta yabi na wata.

Cinikin kirki daga wata amarya a Zariya ya zo. Da kuɗinta ta saya, ƙawayenta suka shiga ɗakinta suka ji ƙamshin, suka karɓi lambata. Yanzu kuɗin tallan ƙananan kwalabe nake sayowa da shi, in cika, in ba duk wadda ta saya ta kai wa 'yar'uwarta.