Na kai saƙon Inna Damagaram

Shekaranjiya da daddare na dawo daga Damagaram, har yanzu bayana bai sake ni ba. Saƙon Inna na kai. Inna kakarmu ce ta wajen uwa, Allah ya yi mata rasuwa a Fagge wata biyu da suka wuce, ta haura tamanin. Kafin ciwo ya kwantar da ita ta kira Umma ta ce idan ta Allah ta kasance, a kai wa ƙanwarta da ke Birni, tsohuwar unguwar Damagaram ta Nijar, abu uku: kwallarta mai murfi, carbinta, da zanen saƙin da ta rufa ranar da aka kawo ta Kano amarya. Ta kuma ce ni zan kai, wai tunda ni ne angonta, abin kunya ne a ce ban san gidan surukaina ba. Haka take tsokanata tun ina rarrafe.

Na shiga mota a Ƙofar Ruwa bayan asuba. Kazaure, Daura, Kwangwalam, babu abin ba da labari sai zafi da matsi, mu huɗu a kujerar mutum uku. Tafiyar duka ba ta kai kilomita 250 ba, amma shingaye sun mai da ita wuni guda.

A wani shinge, ba zan faɗi ɓangaren da yake ba, wani jami'i ya sa aka sauko da jakata. Ya kwance ɗaurin, ya ɗaga kwallar yana jujjuya ta, ya fizgo zanen ya ware shi a kan ƙasa. Wai kayan tarihi ne, ina takardar izinin fita da su? Na ce ranka ya daɗe, kayan kakata ne. Ya ce kowa ma haka yake faɗa. Ni na san abin da yake nema, har hannuna ya kai aljihu, sai wata tsohuwa da muke mota ɗaya, wadda tun Kano ba ta ce uffan ba, ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, kayan mamaciya ne kake shimfiɗawa a turɓaya. Kai ba ka da uwa?" Wurin ya yi tsit. Ya naɗe zanen da kansa, naɗin da ya fi nawa kyau, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Tsohuwar ta koma barcinta. A Matamaye ta sauka, ko sunanta ban tambaya ba.

A bakin iyaka na canji kuɗi, raina ya ɓaci. Jaka guda ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu. Ina yaro Inna na ba mu labarin lokacin da 'yan uwanta ke zuwa Kano suna lallaɓa naira kamar ƙwai. Yau ni ne na miƙa damin kuɗi aka ba ni 'yan takardun da ba su cika tafin hannu ba.

Daga Kance muka fita babban titi a Takeita, muka karya gabas. La'asar sakaliya muka shiga gari. Abin da ya fara kama idona duwatsu ne, manya-manya, a tsakiyar unguwa, gida ya jingina da dutse, awaki a bisa. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Birni ta wasu lunguna da suka tuna mini da cikin badalar Kano, sai dai nan an fi riƙe zanen bango, ga zanko a kan soraye. Kuɗin da ya faɗa a farko shi ya karɓa a ƙarshe, har ya tsaya ya tambaya mini gidan. A Kano da tuni an ce mini an yi nisa, sai na ƙara.

Ina yin sallama a zaure aka amsa daga ciki da muryar Inna. Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi. Ƙanwarta ce, Iya, amma muryar ɗaya, har da yadda take jan "maraba". Ta fito tana dogara sanda, ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Angon Yaya ne? To, gado ya faɗo mini, ni ce matar yanzu." Aka yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Kawu, babban ɗanta, ya ja mu ciki aka yi addu'a.

Na san Inna, ko in ce na zaci na san ta. Tana da shekara goma sha huɗu aka aurar da ita ga kakanmu, mai fataucin fata tsakanin Damagaram da Kano. Haihuwa tara, shida suka rayu. Ya rasu ya bar ta da su, dangi suka aiko a mai da ita gida ta ƙi, ta ce yaran sun fara makaranta. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta riƙe su. Mu jikoki kuma a ɗakinta aka yaye mu ɗaya bayan ɗaya, ita ke tashinmu sallar asuba da yayyafin ruwan buta, ita ke ɓoye mana ƙanzo idan Umma ta hana mu abinci don mun yi laifi. Cikin wannan kwallar take ajiye kuɗin adashi da goro. Har ta koma ga Allah ba ta daina lissafi da dala ba, mu kuwa muna yi mata dariya.

Abin da ban sani ba Iya ta gaya mini bayan isha, kwallar na kan cinyarta tana shafa inda fentin ya ɓantare. Ta ce, "Ka san El-Buhari?" Na ce na san Buhari dai. Kawu ya yi mini bayani: haka mutanen nan suke kiran yunwar 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin Najeriya ta yi a watan Afrilu, iyakar da ba a buɗe ba sai 1986. Gero ya ƙare a rumbuna, hatsin da aka saba shigo da shi daga kudu ya tsaya, dabbobi suka yi ta mutuwa. Iya tana da goyo a lokacin, gidan mutum goma sha ɗaya. Ta ce wata rana da tsakar dare aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga wani mai raƙumi da buhun garin kwaki da rabin buhun dawa, ya biyo daji da su, ya ce daga Fagge. Bayan wata biyu ya sake dawowa. Haka har damina ta kama. Ta nuna Kawu da sandarta ta ce, "Wannan ƙaton da kake gani, garin Yaya ne."

Na tambaya ina mai ƙuli-ƙuli ta samu kuɗin buhuna a shekarar da Kano ma ake layin kayan masarufi. Iya ta taɓa kunnenta. 'Yan kunnen zinarenta na aure ta sayar, da awarwaro. Nan take na tuna Umma ta sha ba mu labarin shekarar da 'yan kunnen Inna suka ɓata, aka zazzage ɗaki, har aka zargi wata yarinya mai tayin aiki, Inna ta rantse ba ita ba ce, ta hana a sake tayar da maganar. Na fita zaure na kira Umma. Na gama faɗa mata, ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin numfashinta. Can ta ce, "Shekara arba'in," ta kashe wayar.

Kwana uku na yi, ban ci abincin kuɗina ba ko sau ɗaya. Kawu ya yanka mini zabi biyu, alhali na ga yadda gidan yake. Ruwa ma saye suke yi a wurin 'yan garuwa, don ƙarancin ruwa tsohon ciwon Damagaram ne, yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Duk da haka kullum sai an cika mini bokiti, ni kuwa kunya ta sa nake wanka da rabi.

Ranar Alhamis muka shiga Kasuwar Dole sayen alkaki, don Umma ta ce kar in dawo babu shi. Mai alkaki ta ce dala ɗari. Na zaro sefa ɗari na miƙa ina murnar araha. Ta dubi kuɗin, ta dubi Kawu, ta ce, "Baƙonku ɗan Najeriya ne ko?" Dala ɗaya sefa biyar ce, ɗari biyar take nufi. Lissafin da na yi shekaru ina yi wa Inna dariya a kansa, shi ya kunyata ni a gaban 'yan mata masu talla. Da Kawu ya gaya mata abin da ya kawo ni, ta ƙara mini guda uku gyara, ta ce in yi sadaka da su. Kilishinsu ya fi namu laushi, wannan dole in yarda, amma tsadarsa ta sa ɗauri ɗaya kawai na saya.

Mun bi ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram, Kawu ya nuna mini ragowar ganuwar Sarki Tanimun. Ban shiga ba. Na fi son ganin gidan da aka haifi Inna, wanda yanzu rabinsa ya zube, wani tela ke haya a zauren.

Asabar na kamo hanya. Iya ta riƙe carbi da zane, ta mayar mini da kwallar cike da alkaki, ta ce a kai wa Umma. A shingen nan ban tarar da mutumin ba.