Kalmar yau: lámh

Laraba da dare. Yau tun safe kalma ɗaya na riƙe daga Gaeilge, harshen mutanen Ayilan: lámh, wato hannu. Kamar namu, tana ɗaukar hannun duka, daga kafaɗa har yatsu, yadda cos ke ɗaukar ƙafa gaba ɗayanta. Idan tafin hannu ake nufi sai a ce bos, dunƙulallen hannu kuma dorn.

Furuci ne farkon wahala. Wannan ɗan layin da ke kan á, fada sunansa, jan wasali yake yi. Shi kuwa mh sauti ɗaya ne. A tsohon rubutu ɗigo ake sa wa m a kai. Mutanen Munster a kudu suna cewa "laav", a Donegal can arewa ta fi kusa da "laaw". Bahaushe ya kama ta arewa ya huta, don v ɗin nan a bakinmu b ko f take komawa.

Sai jinsi. Hannu namiji ne a wurinmu, lámh kuwa mace ce, kuma sifar da ta biyo kalma mace sai harafinta na farko ya yi laushi. Deas, dama, ta koma dheas, ana furta ta kamar "yas": lámh dheas. Hannun hagu lámh chlé. Mai koyo yakan rubuta lámh deas, don kalmar ba ta tona jinsinta. A rubuce l ba ya karɓar h, saboda haka ko bayan an (wato "the" na Turanci), wadda ita ma ke lausasa kalma mace da h, an lámh tana nan yadda take, alhali cos na zama an chos.

Wannan taurin kan na l ya fi ciwo wajen mallaka. Mu a wutsiya muke sauyawa: ƙafarsa, ƙafarta, ƙafarsu. Su a goshi: a chos, a cos, a gcos. Amma a lámh hannunsa ne, hannunta ne, hannunsu ne, sai jimla ta raba gardama. Shi ya sa ba na ganin dacewar fara koyon wannan ƙa'ida da lámh. Da cos ya kamata a fara.

Jam'inta lámha. Idan ta biyo wani suna sai ta zama láimhe: obair láimhe aikin hannu, mála láimhe jakar hannu, jeri iri ɗaya da namu. Asalinta ɗaya da palma ta Latin, sai dai harsunan Kelt, dangin da Gaeilge ke ciki, sun yar da p ɗin tun da daɗewa. A Wales ma llaw suke cewa.

Gobe súil, ido.