Ranar da na durƙusa gaban gawar Waliyyiya Bernadette

Gaskiya da Fada, limaminmu na Katolika, ya ce bayan mun gama da Lourdes a ƙasar Faransa za mu wuce garin Nevers mu ga gawar Waliyyiya Bernadette, gabana sai da ya faɗi. A gidanmu na tashi na tarar gawa ba abin zuwa kallo ba ce, a yi mata sutura a kai ta makwancinta shi ke nan. To ga wadda ta rasu tun 16 ga Afrilu 1879 ana cewa tana nan kwance cikin akwatin gilashi.

Daga Paris kusan awa biyu ne a jirgin ƙasa. Tana cikin cocin gidan sistoci na Saint Gildard, inda ta shiga a 1866, shekara takwas bayan Uwarmu Maryamu ta bayyana mata sau 18 a kogon Lourdes tana 'yar shekara 14. Da na shiga shiru ne ya fara kama ni, ko tari mutum ya yi sai ya ji kunya. Ga ta nan 'yar ƙarama, cikin baƙin kayan sista, kai ya ɗan karkata gefe, rosari (carbin addu'armu) a hannu, sai ka ce barci take ka taɓa ta ta farka. Ban san sanda gwiwata ta kai ƙasa ba.

Bayan mun fito ne aka ba mu tarihin. Sau uku aka tono ta, 1909, 1919 da 1925, likitoci na wajen, an same ta ba ta ruɓe ba amma fatar ta yi duhu, ido da hanci sun lotsa, shi ne a 1925 aka yi wa fuskar da hannayen siririn rufi na kakin zuma, wato wannan kyakkyawar fuskar da na zauna ina kuka a gabanta kaki ce. Raina ya ɓaci sosai, har na kasa cin abinci.

Da dare na samu Fada na ce, Fada, ashe kwalliya muka zo kallo? Ya ce in zauna. Ya ce ba wanda ya ɓoye zancen kakin, kuma ba don jikinta ya ƙi ruɓewa ba ne Fafaroma Pius na 11 ya sa ta cikin waliyyai a 1933, rayuwarta aka duba, yarinyar talakawa mai fama da asma, daga baya tarin fuka ya ci mata ƙashin gwiwa har ta rasu tana da shekara 35. Ya buɗe min Littafi Mai Tsarki, 2 Sarakuna 13:21, inda matacce ya taɓa ƙasusuwan Annabi Elisha ya tashi. Ƙasusuwa ne fa zalla, babu fata babu fuska. Mu girmamawa muke yi, sujada ta Allah ce kaɗai, ita roƙonta muke ta yi mana addu'a.

In za ka je, don Allah karanta tarihin tun kana gida kar ya zo maka bagatatan kamar ni, kuma ka sammako kafin motocin masu ziyara su cika wajen.

Haka na yi washegari, na koma ni kaɗai da sassafe. Wannan karon ban tsaya kan fuskar ba, wajen gwiwarta idona ya tafi, domin mahaifiyata shekara shida ke nan tana fama da ciwon ƙafa ba ta iya zuwa coci. Na ciro rosarinta da ta ba ni in taho da shi, na ja shi har ƙarshe da sunanta.