Gitar gwaji da gitar kamfani: abin da na gani a shagona

Ni kafinta ne a Yamai. Gadajen amare da kujeru su ne abincina, amma tun ina yaron shago nake taɓa gita. Haɗa gita da hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Makaɗin gita Mdou Moctar, wanda yau yake cika dandali a Amurka, da wayar birkin keke ya yi wa gitarsa ta farko tsirkiya. Ni na fi shi gata, tunda ina da zarto, ga kasuwar Katako kusa.

Can na samo guntun maɗaci da ya daɗe a ajiye, na kuma ciro mikro biyu, wato abin da ke ɗaukar muryar tsirkiya ya kai ta lasifika, daga wata matacciyar gita a wurin mai gyaran rediyo. Tsawon tsirkiya daga bakin wuya zuwa jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a jikin gita, na sa milimita 648, irin awon gitar kamfanin Fender. Wurin dasa siraran ƙarafan da ke gitta wuya kuwa lissafi ne tsantsa: ka raba tsawon da 17.817, ka cire abin da ya fito, ka sake raba saura, haka har ƙarshe. Rabin milimita ya kuɓuce maka, kunne zai kama ka.

Da na gama, abin ba kyan gani. Fuskarta duk ramukan kusa ne da na toshe da garin katako da gam, domin na yi ta matsar da mikro ina sauraro: kusa da jaki murya ta yi tsini, kusa da wuya ta yi kauri. Zanen fensir yana nan ƙarƙashin fenti. Wuyan na bar shi da kauri ban sa masa ƙarfe a ciki ba, ina so in ga iya ƙarfin maɗaci shi kaɗai. Hunturu ne ya ba ni amsa. Katako ya tsuke, bakin ƙarafan ya leƙo yana yankar yatsa, wuya ya ɗan rusuna, don tsirkiya shida suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 40 dare da rana.

Daga baya na karanta cewa manya ma ta nan suka bi. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a Fullerton ta jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa gita ba. Ta gwajinsa ta 1949 da katako mai taushi ya yi jikinta, kunnuwan ɗaure tsirkiya uku ta nan uku ta can. Gitocinsa na farko masu suna Esquire da ya fitar a 1950 ba su da ƙarfen wuya, suka riƙa lanƙwashewa, dole ya ƙara shi a wadda daga baya, a 1951, aka sa wa suna Telecaster. Makaɗin gita Les Paul kuwa wajen 1940 gungumen katako ya ɗaura wa wuya da tsirkiya, ya manna masa ɓarin wata gita hagu da dama don mutane su daina yi masa kallon mahaukaci. Kamfanin Gibson ya ƙi ta da farko, sai 1952 ya fitar da gita mai sunansa.

Wannan ne masu tara kayan tarihi suke saye da tsada: sawun tunanin maƙeri tun bai san inda zai ɓulla ba. Har wadda ba a gani ba ana nema. Gibson ya zana wata mai suna Moderne a 1957, kuma har yau ba a samu ta asali da kowa ya yarda da ita ba, amma farautarta ba ta tsaya ba.

Biyun da na ƙera bayan ta farkon sun fi ta komai, da ƙarfen wuya da santsi da daidaiton murya. Duk da haka, duk makaɗin da ya shigo shago ta farkon yake fara saukewa. Wani matashi mai jan orkes na bukukuwan aure ya kaɗa ta har la'asar, ya ce, "Maigida, ka faɗi kuɗinta. Wannan tana da maƙogwaro." Na ce, "Ƙanena, ba na hana ka ba ne. Amma ran da kunne ɗaya ya karye maka tsakar dare a gidan biki, ina za ka samo irinsa? Ni kaina ban san daga wace gita na ciro su ba."

Na ce ya nemi gitar kamfani, Yamaha ko Squier, ta hannu. Mutane suna raina gitar kamfani wai duk zubi ɗaya ce, alhali zubi ɗayan nan shi ne amfaninta. Wuyan gita irin ta Fender kusa huɗu ke riƙe da shi, ka kwance ka ɗaura wani kafin shayi ya nuna. In talauci ya taso ka kai ta kasuwa, dillali ya san farashinta. Gitar gwaji ba ta da farashi sai an san wanda ya yi ta da lokacin da ya yi ta, kuma kowane mai wayo yana iya huda tsohuwar gita ya ce ta gwaji ce. Shi ya sa a Turai ba a zuba mata kuɗi sai da takarda ko hoto ko shaidar wanda ya yi aiki a kamfanin.

Bai ji daɗi ba, amma ya saya ta kamfanin, ni na gyara masa tsayin tsirkiya. Yanzu duk wadda na ƙera, kafin in ɗaura wuya sai na rubuta shekara da awo da irin katako a cikin ramin da wuyan ke zama, in sa hannu. Wadda ke kan teburina a yanzu da kirya nake gwada allon yatsunta, in ga ko za ta jure hunturun bana.