Yawan rini ba shi ne yawan haske ba

Ƙannena masu shirin aikin bincike na shekarar ƙarshe a kimiyyar sinadarai, ga abin da ya ci mini wata biyu a wani ɗakin gwaji a Birnin Kebbi, ko Allah zai sa ku tsallake shi.

Aikina shi ne in kulle rini mai ƙyalli, rodamin 6G, a cikin siririn shafen silika (sinadarin da ke cikin yashi) a kan gilashi, ta hanyar da ake kira sol-jel. Hanyar ba sabuwa ba ce, tun 1984 Avnir da Levy da Reisfeld suka kulle wannan rinin a gilashin silika. Ana haɗa TEOS (sinadarin da ke rikiɗa ya zama silika) da itanol da ruwa da ɗan asid, a dama, a bar shi ya fara kauri, a zuba rini, sai a tsoma gilashi a zaro shi a hankali. Idan ya bushe, rinin ya zauna a ƙananan ramukan silika.

Ni kuwa da tunanin marina na shiga aikin. Mun taso muna ganin idan baba ya yi ƙarfi, zane ya fi kamawa. Sai na riƙa ƙara rodamin. Gilashina ya yi jawur, gwanin sha'awa, amma da na kai shi ƙarƙashin fitilar UV (mai hasken da ido ba ya gani, wanda ke sa rinin ƙyalli), ƙyallin nan mai ruwan ɗorawa da nake gani a kwalba ya dusashe. Na zargi fitila, na zargi sinadarin, na sake haɗi sau uku, dukansu da yawan rini iri ɗaya.

Malamina ne ya ce, "Ka auna shafen kansa kuwa, ko ruwan kwalba kawai kake aunawa?" Ban auna ba. Da na sa gilashin a na'urar auna shan haske, sai ga kololuwar shan haske ta rodamin da na sani kusa da nanomita 530 (ma'aunin tsawon igiyar haske), gefenta kuma wani tudu ya taso wajen 500. Tudun nan shi ne shaidar ƙwayoyin rinin sun manne biyu-biyu.

Ga yadda abin yake faruwa. Itanol ya fi ruwa saurin tashi, don haka yayin da shafen ke bushewa, abin da ya rage a ramuka ruwa ne ya fi yawa, ramukan kuma suna tsukewa. Rodamin ba ya son zama shi kaɗai cikin ruwa, sai ƙwayoyinsa, da yake masu faɗi ne, su kifu kan juna kamar faifai a kan faifai. Wannan shi ne tarin H: yana shan haske, amma da ƙyar yake mayar da shi. Akwai kuma tarin J, wanda Jelley da Scheibe suka gano wajen 1936, inda ƙwayoyin ke jeruwa kai da wutsiya, shi yana iya ƙyalli. Nawa tarin H ne. Rinin da ke tsarma-tsarma a kwalba, a cikin busasshen shafe ya zama cunkoso.

Kuskurena na biyu yanayi ne. Na yi wasu gwaje-gwajen cikin hunturu, na shanya gilasai a kan tebur taga a buɗe. Busasshiyar iska ta sa shafen ya tsattsage kamar laka a fadama, ƙura ta manne, hasken rana kuma ya kashe rinin. Ku rufe gilashinku a akwati mai duhu ya bushe a hankali, ku rubuta ranar haɗi da zafin ɗaki a littafinku kowane lokaci.

Kafin ku taɓa babban aiki, ku jera gilasai biyar, kowanne rininsa ya gaza na gabansa sau goma, ku auna su bayan sun bushe. Ranar da na yi haka, gilashin da ido ke gani kusan fari ne ya fi jan nan haske a ƙarƙashin fitila.